Tsugunon 'Yar Fari

Sana'ata sayen tsofaffin injuna ce da sayar da su. Da dakon doya na fara a kasuwar Izom, na koma facin taya, daga nan na shiga dillancin kekuna. Kafin yaƙin basasa ya ƙare na kafa rumfata a bakin kasuwar garinmu, wanda a lokacin Abuja ake ce masa, ba a kai ga ɗauke sunan an ba sabon birni mu kuma an bar mu da Suleja ba. Keken hawa, keken ɗinki, injin niƙa, injin markaɗe, duk abin da ke juyawa ina saye. Ban yi boko ba, kunnena ne jarina. In aka kawo mini inji an wanke shi an shafe shi da fenti, ba na kallon fentin. Cewa nake a tayar da shi, in ɗora bakin sukudireba a jikinsa, in kafa kunne a mariƙin. Kafin mai shi ya gama rantsuwa na san ko bawul ne ke yoyo ko boris ne ya cinye. Mutane daga Tafa har ƙauyukan Gwari sukan ɗauke ni in je in saurara musu inji kafin su saya. Ina faɗin wannan ne don a san irin mutumin da abin ya faru a gidansa.

'Yarmu ta fari an haife ta ne a shekarar da yaƙi ya ƙare. Matata ta je goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda ake yi, can ta haihu, can ta yi wanka, ta dawo da jaririya bayan watanni. Aka sa wa yarinya sunan mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Kunya ta zama biyu ke nan: ga ta 'yar fari, ga ta da sunan uwata. Ni ba na kiran sunan, matata ba ta kira. Ban taɓa ɗaukarta ba. In ta rarrafo wajen tabarmata sai in miƙe in ce ana jirana a kasuwa. Matata kuwa in tana ba ta nono aka yi sallama, sai ta cire ta ta ajiye gefe kamar kayan aro. Ba wanda ya ga laifinmu, yabo ma muke sha, ana cewa muna da kara. Da aka yaye ta sai Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, a cikin gida ɗaya, a hanyar Kwamba. Daga ranar ta zama 'yar Inna, haka kowa ke kiranta. Inna kuma ƙawata take ce mata, su yini suna faɗa a kan goro da wurin kwanciya.

Ba ta yi tafiya da wuri ba, kuma ba ta da jiki. Inna ta ce gado ne, ita ma haka ta tashi. Amma da ta fara tafiya sai ta fito da wani hali da ya sa aka san ta a unguwa. Duk inda za ta, ba ta yin taku ashirin sai ta tsuguna. Ba irin ɗan rusunawar da yara ke yi suna gudu ba. Tsuguno sosai, gwiwa a ƙirji, kai a ƙasa, ta jima kafin ta tashi. Hanyar gidanmu zuwa kasuwa kuwa ba a rasa babba a zaune a ƙofar gida ko a gindin bishiya. Inna ta lura, ta koya mata cewa in ta tsuguna ta ce ina kwana. Ta riƙe. Tun tana shekara uku take gaida mai nama, ta gaida mai itace, ta gaida makahon da ke bakin masallaci, wanda yakan ce shi bai taɓa ganin yarinya mai hankali irinta ba, a yi dariya.

In Inna ta biyo da ita ta rumfata, sai ta tsuguna daga bakin rumfa ta ce, "Baba, ina wuni." In amsa ina kallon wani wuri. Maƙwabcina mai sayar da langa-langa yakan ce, "Wannan 'ya dai a bincika. Gidan dillali ba a haifar mai kunya, musanya aka yi muku a wajen wanka." In ce masa ya ji da kwanonsa. A raina kuwa daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Iyaye mata har misali suke yi da ita in suna dukan nasu.

Akwai abin da ba a yaba ba. Wani lokaci da safe, musamman in ta yi kuka, numfashinta yakan sarƙe, ta yi ta haki, jikinta ya saki, ta tafi kamar ta suma, can kuma ta dawo ta yi barci. Inna ta ce shafar iska ce, don akwai tsamiya a bayan gidanmu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, na sa aka sare tsamiyar. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a baya. Ya nuna wa Inna jinin, baƙi ƙirin mai kauri, ya ce ga mataccen jinin da ke damunta ya fita. Duk wannan daga zaure nake jin labarinsa. Abin da aka ce in kawo, in kawo. Shiga in duba ba nawa ba ne.

Tana cikin shekara ta biyar wata mata ta zo sayen keken ɗinki. Nas ce, Kirista daga ƙasar Filato, an turo ta aiki garinmu, tana haya a Kwamba. Doguwa, ba ta da wasa a ciniki. Ta sa na buɗe keken ta leƙa cikinsa, ta ɗinka ƙyalle, ta ce yana tsallake zare, alhali ba ya tsallakewa. Muna cikin ja-in-ja sai ga Inna da ƙawarta. Yarinya ta tsuguna ta gaishe ni, ta gaida baƙuwa. Matar ta amsa, amma ba ta ɗauke ido ba. Ta saki keken, ta je ta durƙusa a gabanta, ta kama hannunta ta juya. Hannun ya sha lalle har ya yi baƙi, don Inna ba ta barin lalle ya kwana biyu ba ta sabunta shi ba. Matar ta daɗe tana duban kan yatsun. Sannan ta ja leɓenta na ƙasa ta leƙa ciki.

Inna ta ce, "Ke baiwar Allah, akuya kika samu a kasuwa?"

Matar ta ba ta haƙuri, ta yi wa yarinya wasa. Da suka wuce ta tambaye ni 'yar wa ce. Na ce 'yar tsohuwar ce. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, wa ya haife ta. Na ce a gidanmu take. Ta gane, don ta zauna da Hausawa.

Ta ce, "Mai inji, yarinyar nan ba gaisuwa take yi ba. Numfashi take nema."

Raina ya ɓaci. Na saba da mai saye ya kushe kaya don a rage masa, sai na ɗauka kushen ne ya zarce har kan iyalina. Na ce mata in keke take so ga keke, in ba ta so ta bar mini rumfa. Ba ta yi fushi ba. Ta ce cikin leɓen yaro ja ne, na wannan shuɗi ne kamar an tsoma a baban rini. Ta ce kan yatsunta sun kumbura sun yi kamar kan tabarya, lalle ne ya rufe launin farcen. Ta ce ta taɓa ganin yaro ɗaya mai irin wannan lokacin da take koyon aiki, ɗaya tak, kuma ba ta manta ba. Da za ta tafi ta ce kada in yarda da maganarta, in gwada da kaina: in bi yarinyar a baya inda ba kowa, in ga ko za ta tsuguna.

Kwana uku ina faɗa wa kaina maganar banza ce. A na huɗu, ranar Juma'a bayan an sauko, na ji Inna ta aike ta gidan mai ƙuli-ƙuli ta hanyar bayan gida, inda ba gidaje sai gonar rogo da katangar wani kango. Na bar tazara na bi ta. Rabona da in kalle ta kai tsaye tun tana cikin zane. Siririya ce ƙwarai, wuyanta kamar a ƙirga jijiyoyin. Ta yi taku kamar ashirin ta tsuguna a gaban katanga. Ba kowa a wurin. Ta tashi, ta ƙara kaɗan, ta tsuguna a tsakiyar hanya, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Karo na uku wata tunkiya ce a ɗaure a gefe. Na ji da kunnena ta ce wa tunkiyar ina wuni, a hankali, don an koya mata in an tsuguna sai an faɗa.

Ban ƙarasa ba, na juya. Washegari na ɗora keken ɗinkin a bayan kekena na kai wa nas har gida.

Ita ta kai mu wurin likitan garinmu, shi kuma ya rubuta takarda zuwa babban asibiti a Zariya. Shawo kan Inna ya fi tafiyar wuya. A ganinta cewa ake ta kasa riƙo. Na zauna a ƙofar ɗakinta na ce ba wanda ya isa ya karɓe mata ƙawa, da ita za a je, ita za ta riƙe ta a mota. Sai nas ta ƙara da cewa dole uwar da ta haifa ta bi mu, likitoci za su nema. Inna ta ce to ta biyo, ta riƙe mana buta.

Likitan Zariya Bahaushe ne, matashi, mai magana a hankali. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ɗebi jini, aka manna mata wayoyi a hannu da ƙafa wata na'ura tana zana layi a takarda. Sannan ya tara mu ya tambayi wace ce uwar. Inna ta ce ita ce. Ya tambayi yadda take shan nono tana jaririya. Inna ta ce lafiya lau, alhali watannin farko ba a gabanta aka yi ba. Ya juyo gare ni: yaushe ta fara tsuguno, sau nawa take sumewa a wata, da safe ne ko da yamma. Ni da nake faɗin shekarun inji daga jin ƙararsa, ko ɗaya ban amsa ba.

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu. Sai muka ji ta fara magana, fuskarta a bango, ba ta kallon kowa. Ta ce 'yar Inna tun tana sati biyu ba ta iya shan nono ta ƙoshi, sai ta kama ta saki, goshinta ya jiƙe da gumi, bakinta ya yi duhu. Ta ce in ta goya ta takan ji ƙirjinta yana karkarwa a gadon bayanta kamar injin da aka bari a kunne. Ta ce daga ɗakin Inna zuwa rijiya bara tsuguno biyu ne, bana uku. Ta ce suma tara ta yi tun daga azumi, bakwai da safe, kuma in aka bar ta ta dunƙule ta fi saurin dawowa a kan in an miƙar da ita. Duk ta tagar ɗakin girki take gani.

Likita ya rubuta komai. Ya tambaye ta ko ta taɓa gaya wa wani. Inna ce ta amsa, muryarta ta sauka: "Da wane bakin, ɗan nan? 'Yar fari ce." Likitan ya gane, shi ma a irin gidan ya tashi.

Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Sai ya cire abin sauraren ƙirji daga wuyansa ya sa mini a kunne. Ya ɗora a ƙirjinsa tukuna, na ji bugu biyu-biyu, tsaf, kamar sabon inji. Sannan ya ɗora a nata. Tsakanin bugu da bugu akwai wani huci mai kaushi, irin na abin da ake turawa ta ƙaramar kafa da ƙarfi. Da inji ne, ko a tsakiyar hayaniyar kasuwa ba zan saye shi ba. Ya kama tafin hannuna ya ɗora a kan haƙarƙarinta. Ko ba na'ura ana jin karkarwar. Ranar na fara taɓa 'yata, tana da shekara biyar, a gaban mahaifiyata. Yarinyar ta ɗago ta dube ni da mamaki, ta dubi Inna, kamar tana tambaya ko ta yi laifi.

Ya zana mana zuciya a takarda. Ya ce ɗakuna huɗu ne, ita tata an halicce ta da ɓula a bangon da ke tsakanin na ƙasa biyu, sannan hanyar da ke kai jini huhu ya ɗebo iska ta tsuke. Jini in ya zo ya tarar da hanya a matse sai ya bi ta ɓular ya koma jiki bai sha iska ba, shi ne baƙin jinin da wanzami ya gani. In ta tsuguna ta matse jijiyoyin cinya, sai jinin ya rasa wurin gudu ya koma ta huhu dole. Ya ce ba wanda ya koya mata, jikinta ne ya gano maganinsa. Ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, kuma nata ya zo da ƙarin matsala, don a hoton jijiyoyin huhun sun yi sirara fiye da yadda aka saba. Ya hana ƙaho. Ya ce a yawaita ba ta ruwa, kuma in ta suma a naɗe gwiwoyinta a ƙirji, kada a miƙar da ita. Aikin fiɗar kuwa ba a nan ake yi ba, sai Ibadan.

Bayan wata huɗu takarda ta zo. Muka bi ta Izom zuwa Minna a mota, muka hau jirgin ƙasa. Wannan karon Inna da kanta ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, uwar ta je. A jirgi matata ta rungume yarinyar tun daga Minna har muka sauka, ba wanda ya san mu balle a ji kunya. Na ji suna hira ƙasa-ƙasa kamar baƙin da suka haɗu a hanya, tana tambayarta abincin da ta fi so.

A can aka zura mata siririn tiyo ta jijiyar cinya har zuciya, aka tura wani ruwa da ke fitowa a hoto, don a ga hanyoyin da idanu. Babban likitan fiɗa, dattijo ne Bayarabe, ya yi mini bayani ta bakin wani ma'aikaci mai jin Hausa. Ya ce gyara iri biyu ne. Babban shi ne a tsayar da zuciya, na'ura ta riƙe aikinta, a toshe ɓular a buɗe hanyar. Wannan a lokacin sai jefi-jefi ake yinsa a ƙasar nan, kuma ko an kai ta waje jijiyoyinta sun yi ƙanana, ba za su ɗauka ba tukuna. Ƙaramin shi ne a yanko jijiyar da ke kai jini hannu a jona ta da ta huhu, jini ya samu wata hanyar. Ana fatan hakan ya sa jijiyoyin su buɗe kafin ta girma. Na ce wa mai fassara ya tambaye shi ko faci yake nufi. Dattijon ya yi murmushi ya ce faci ne. Na ce na yi shekara shida ina faci, na san ba ya kai taya ƙarshen ranta. Ya ce haka ne, yarinya za ta girma, jonin ba zai girma da ita yadda ake so ba.

Na yi masa tambayar da ke cina tun Zariya: da mun kawo ta tana shekara ɗaya ko biyu fa? Ya daɗe yana duban hoton. Ya ce mai yiwuwa da jijiyoyin sun samu lokacin girma, mai yiwuwa kuma haka aka halicce su ba za su canja ba. Ya ce bai sani ba. Na yi ciniki da mutane iri-iri, ina gane mai ɓoye gaskiya don ya kwantar da hankalin mai saye. Wannan ba ɓoyewa yake ba, bai sani ba ɗin ne. Da ya ce mini e ko a'a da na fi samun sauƙi.

Aka yi aikin ta gefen haƙarƙari, ƙarƙashin hammata. Da aka bari muka shiga, matata ta ja leɓenta ta leƙa. Ya yi ja, ba sosai ba, amma ja ne. Hannun da aka ɗauki jijiyarsa ya fi ɗayan sanyi kuma ba a jin bugu a wuyansa, suka ce haka zai zauna, ba komai.

Shekara biyu da rabi muka samu. Ta yi ƙiba, ta shiga makarantar allo, ta koyi gudu tana da shekara shida kamar ɗan akuya sabon haihuwa, tana faɗuwa tana tashi. Ta daina tsuguno ɗungum. Takan wuce mai nama da mai itace a guje ta jefa musu gaisuwa daga nesa. Unguwa ta fara magana. Aka ce an kai ta Kudu an cire mata kunya. Makahon bakin masallaci ya ce shi dai an sauya masa yarinya. Maƙwabcina mai langa-langa ya ce yanzu ya yarda 'yata ce, halin dillalai ya fito. Wata rana ta zo rumfa ta tsaya ƙiƙam a kaina ta ce in ba ta kuɗin alewa, ko sallama babu. Na ba ta. Inna takan yi mata faɗa a gaban mutane don a ga ta yi, in sun shiga ɗaki ta ƙara mata nama.

Duk wata shida nakan kai ta Zariya a duba. Tun a zuwa na huɗu likitan ya daɗe yana saurare fiye da yadda ya saba. Ya ce ƙarar jonin ta ragu. Aka sake hoto, jijiyoyin huhun ba su buɗe yadda aka so ba. Ya rubuta wasiƙu zuwa Ibadan da wani wuri a ƙasar waje, ya ce mu jira amsa. Na gaya masa in rumfata ce za ta kai ta, a shirye nake in sayar har da kwanon rufin. Ya ce ba nan matsalar take ba.

Ranar wata kasuwa da hantsi ina ɗaure bel a injin markaɗe, sai na ji muryarta a bayana: "Baba, ina kwana." Na juya. Tana tsugune a bakin rumfa, gwiwa a ƙirji, kai a ƙasa. Mai langa-langa ya leƙo ya ce, "Madalla, 'yar Inna an yi hankali. Ai na ce ƙuruciya ce, za ta dawo hanya." Wasu dattawa biyu da ke zaune a bencina suka sa mata albarka.

Na ajiye sufanar da nake ɗauri da ita. Na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa, na ratsa kasuwa da ita tun daga layin 'yan ƙarfe har bakin tasha, na bi hanyar Kwamba. Mutane suna kallo, wani ya yi mini tsiya wai yau dillali ya saye kunya ya sayar. Na ci gaba da tafiya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A hanya ta tambaye ni ko an fasa ba ta alewa ne, na tsaya na saya mata.

Amsar Ibadan ta zo cewa za a gwada jona ɗaya gefen, aka ba mu wata na bayan babbar salla. Ta waje ba ta zo ba. Sumar ta dawo, ta fi ta da. Na daina fita kasuwa da sassafe, sai na ga ta sha kunu ta zauna lafiya, don mun san safiya ce lokacinta. Saura sati uku mu tafi, wata Talata, ta tashi da zazzaɓi kaɗan, ta yi kuka a kan an hana ta fita. Kukan ya zarce haki. Ina tsakar gida. Na ɗauke ta na zauna a ƙasa, na naɗe gwiwoyinta a ƙirjinta na matse da hannu biyu kamar yadda aka koya mana. Na aika a kira nas. Na kafa kunnena a bayanta, ba sukudireba ba komai. Hucin nan da na sani yana raguwa, kuma likita ya riga ya gaya mini raguwarsa ba alheri ba ne, yana nufin jinin ya daina bi ta huhu. Ina ji har ya ɗauke. Bugun ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, a hankali, sannan shi ma ya tsaya.

Matata ta fito daga ɗakin girki ta durƙusa a gabanmu. Ta kira ta da sunanta na yanka, sunan Inna, sau uku, Inna tana tsaye a kanmu. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Inna ta zauna a ƙasa ta kama ƙafar yarinyar ta riƙe. Ko da nas ta iso ba abin da ya rage sai ta rufe mata ido. Kafin azahar mun kai ta. Shekararta tara ba ta cika ba.

Kwana uku muna zaman makoki a ƙofar gida, kuma kusan duk wanda ya zo magana ɗaya yake yi: yarinya mai ladabi, ba ta wuce babba ba ta tsuguna ba, irinsu ba sa daɗewa. Ina amsawa da Allah ya ba da lada. Ba wurin bayani ba ne, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa.

Ban ce kunya ce ta kashe ta ba. Da ciwonta aka haife ta, kuma wanda ya fi kowa sani ya ce bai sani ba. Abin da na sani shi ne shekara biyar tana wucewa ta gabana da ƙarar da tafin hannu ma yana ji, ni kuwa ina can ƙauyuka ina saurara wa mutane injin niƙa. Mun haifi wasu bayanta, kowanne ranar da aka haife shi na karɓe shi na kafa kunne a ƙirjinsa, ungozoma tana salati. Da aka kawo mini jikana na fari na sa ubansa ya ɗauke shi a gabana, yana ta sunkuyar da kai.

Yanzu na tsufa, 'ya'ya ke riƙe da rumfa, ni ina zaune a ƙofar gida. In yaro ya zo ya tsuguna zai gaishe ni, kafin ya buɗe baki nake cewa ya tashi, ina duban leɓensa da kan yatsunsa, ina lura da yadda ya miƙe. Yaran unguwa suna ce mini tsohon da ba ya son gaisuwa. Ban taɓa gyara musu ba.